Injin waldata na mutuwa da zarar ya ɗau zafi: in gyara ko in canza?

MaiWalda225:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a wannan zaure. Ina da injin walda Miller Bobcat 225, tsohuwar ƙira, wanda injin Onan P216 mai silinda biyu ke ja. Da safe bugu ɗaya yake tashi, ƙararsa garau, wutar walda kamar ta sabo. Da an yi minti ashirin zuwa ashirin da biyar ana aiki sai ya fara hawa da sauka kamar mai haki. Daga nan wutar ta yi sanyi, sanda ta riƙa mannewa a jikin ƙarfe, in na matsa masa ya mutu. In na ƙyale shi rabin awa ya huce, sai ya tashi kamar ba shi ba. Na lura in na ja cok rabi yakan ɗan daidaita, amma hakan ba ya hana shi mutuwa. Na wanke kafireta sau biyu, na sa sababbin fulogi, na canza filtar fetur. Wani ya ce in daina wahalar da kaina, injin da ya kai shekara talatin ya gama nasa, in sauke shi in ɗora sabo. Ni kuwa raina bai ba ni ba, don ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Me kuka gani?

Sifana_13:
Wa alaikumus salam. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, da ya fara hakin nan ka sassauta murfin tanki. In ka ji iska ta shiga fuuu kuma ya dawo daidai, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe.

DanKoyo:
Koyil ne, wato na'urar da ke ba fulogi wuta, ba shakka. Duk injin da ke mutuwa da zafi ya tashi da sanyi koyil ne.

TsohonBakanike:
DanKoyo, yaro, sassauta. "Ba shakka" ba ta cikin sana'ar nan sai bayan awo. Gaskiya ne koyil na yin haka, wayar cikinsa kan buɗe in ta ji zafi ta koma ta haɗe in ta huce. Amma ka koma ka karanta abin da mai tambaya ya rubuta: ya ce cok na taimaka masa. Cok ba ya ƙara wuta. Iska yake ragewa domin fetur ya yi yawa a cikin haɗin. Injin da ke neman cok bayan ya yi zafi, ko dai fetur ba ya isar masa, ko kuma yana shaƙar iska ta wata kafa da ba ta kafireta ba.

Mai walda, ga abin da nake so ka yi. Ka ajiye abin gwada wuta kusa da kai. A minti ɗin da ya mutu, ba bayan minti biyar ba, ka gwada. In akwai wuta shuɗiya mai ƙarfi, ka cire koyil daga lissafi. Ka kuma kula: koyil ɗin wannan injin guda ɗaya ne mai baki biyu, fulogi biyun tare suke ba da wuta. Kada ka zare waya ɗaya ka bar ta tana lilo injin na juyawa, kana iya kashe koyil mai lafiya da hannunka. In za ka kashe silinda ɗaya don gwaji, ka haɗa wayarsa da jikin injin.

DanKoyo:
Na gode Baba. Ban yi la'akari da maganar cok ba.

MaiWalda225:
Sifana_13, na gwada murfin yau, babu canji, har buɗe shi na yi gaba ɗaya. Baba TsohonBakanike, Allah Ya saka da alheri, gobe zan gwada wutar.

InjiBiyu:
Ni da na ji "Onan", "hawa da sauka" da "cok" a waje ɗaya, manifol nake fara tunawa. Manifol ɗin iska, wato bututun da ke kai haɗin iska da fetur daga kafireta zuwa silinda, a irin waɗannan injinan gida biyu ne, sama da ƙasa, aka manne su. Shekaru na tafiya, zafi da girgiza su buɗe maɗaurin, iska ta riƙa satar shiga ta gefe. Da sanyi kafar ƙarama ce, injin na iya jurewa. Da ƙarfe ya ɗumama sai ta ƙara buɗewa. Wanke kafireta ko sau goma ne ba zai taɓa wannan ba. Na ga haka a taraktar lambu John Deere 318, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992. Na farko-farkonta injin Onan B43G suke ɗauke da shi, na baya kuma P218G, duk 'yan gida ɗaya ne da naka. Gwajin mai sauƙi ne: injin na silo, ka fesa maganin wanke kafireta a layin maɗaurin. In ƙarar ta canza, ka kama ɓarawo.

Hajiya_MaiLambu:
Don Allah a yi hattara da fesa wannan magani a kan injin mai zafi. Salansa na nan kusa, kuma maganin na kamawa da wuta. Bakaniken da ke duba min tarakta ruwa yake fesawa da ƙaramar kwalba, shi ma yana canza ƙarar in akwai kafa.

InjiBiyu:
Gaskiyarki Hajiya. Ruwan ya fi aminci, ko da yake alamarsa ba ta fita sosai kamar ta maganin. Wanda zai yi da magani ya yi a fili, ɗan kaɗan, da abin kashe gobara a gefe.

Karfe_da_Wuta:
Ni fa ina tare da wanda ya ce a canza. Mai sana'a ba shi da lokacin bin tsohon inji yau manifol gobe bawul. Ranar da ka karɓi aiki injin ya mutu a gaban mai aiki, mutuncinka ne ya zube, ba na injin ba. Kayan gyaran Onan ma ba kamar da ba, sai ka nema. Ka ɗora sabo ka huta.

TsohonBakanike:
Malam Karfe_da_Wuta, maganar mutunci gaskiya ce, ban musa ba. Amma sauya injin walda ba kamar sauya na tarakta ba ne. A tarakta fuli ne da bel ko shaf, ana iya dabara. A injin walda amecar janareta, wato ɓangarenta mai juyawa, a kan bakin kiranshaf take zaune kai tsaye, bakin kuma mai tsini ne da aka yanka daidai da ita. Sai ka samu injin da bakinsa ya yi daidai, ramukan ɗaurinsa suka yi daidai, sannan ka sake tsara na'urar da ke sauke shi silo in an daina walda. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Mutum ya ce injinsa ba hayaƙi, ba shan mai. Wannan ai zuciyar injin ke nan lafiya. Ba a yanke ƙafa don ƙaya ta shiga.

Karfe_da_Wuta:
To Baba, mu zuba ido. Ni dai na taɓa bin irin wannan hanyar wata uku, ƙarshenta mazaunin bawul ne ya saki.

Fila_Geji:
Abin da Karfe_da_Wuta ya faɗa yana faruwa, kuma ya kamata a san dalilinsa. Jikin injin alminiyom ne, mazaunin bawul kuwa zoben ƙarfe ne da aka dasa a ciki. Alminiyom ya fi ƙarfe buɗewa da zafi. In injin ya daɗe yana aiki cikin zafin da ya wuce kima, ramin ya buɗe, zoben ya fara rawa. To me ke kawo zafin? Galibi datti. Injin nan ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar fankar fulawil ce ke bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda. Mai ya ɗan tsiyaya, ƙura ta hau, ta zama laka, hanyar iska ta toshe. A taraktocin yankan ciyawa abin ya fi muni, ga ciyawa ga gidan ɓera. Na taɓa kwance murfin gwangwanin da ke lulluɓe injin wata tarakta na ciro sheƙar ɓera cike da tafin hannuna biyu daga silinda ɗaya, ɗaya gefen kuma fes. Wannan silindar kaɗai ce bawul ɗinta ya ƙone.

Akwai kuma wata roba da ke zagaye da filtar baƙin mai, inda filtar ta leƙo ta jikin gwangwani. Mutane na jefar da ita wai ba ta da amfani. Ita ke hana iskar sanyaya gudu ta wannan ramin. In babu ita, silindar wannan gefen ba ta samun rabonta.

DanKoyo:
Oga Fila_Geji, ni na ga ana cire gwangwanin gaba ɗaya don injin ya sha iska. Ba ya fi ba?

Fila_Geji:
A'a, kashe injin ke nan. Gwangwanin shi ke tilasta wa iska bin haƙarƙarin. In ka cire, fanka ta watsa iskar a banza, silinda ta dahu.

Hajiya_MaiLambu:
Ku yi haƙuri in ɗan shigo da tawa tunda masana sun taru. Taraktata Cub Cadet ce mai injin Kohler K301, silinda ɗaya. Kwanan nan tana wuyar tashi, in ta tashi kuma tana ɓarin wuta ta salansa. An auna matsinta aka ce ya yi ƙasa, wai sai an sauke injin an sa ringi. Amma in ta tashi tana jan kaya yadda ta saba. Shi ya sa na tsaya.

TsohonBakanike:
Hajiya, kin yi daidai da kika tsaya. Yawancin K301 suna da na'urar rage matsi a jikin kamshaf, wadda ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi lokacin da kik ke juya injin, don tashi ya yi sauƙi. Saboda haka mita za ta nuna matsi ƙasa ko da ringin lafiya suke. Wanda bai san wannan ba zai sauke injin mai lafiya. Gwajin da ya dace shi ne a tsayar da fiston a sama, a hura iska ta ramin fulogi, a saurari inda take fita: ta kafireta, ta salansa, ko ta wajen zuba mai.

Wuyar tashi da ɓarin wuta kuwa, a fara da kwantak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don koyil ya ba da wuta. Yana cikin wani ɗan murfi a gefen injin. Tazararsa inci 0.020 ce, wato kusan rabin milimita, kuma a wannan injin tazarar ita ce ke saita lokacin wuta. In ta matse wutar ta makara, in ta buɗe da yawa ta yi gaggawa. A goge fuskarsa, a zura farar takarda mai tsabta a tsakani a ja, har sai ta fito ba baƙi. A canza kwandensa tare da shi.

Sifana_13:
Ƙari a kan na Baba: kada a sa masa kowane koyil na mota da aka tsinta. Akwai waɗanda sai da rizisto a waje suke aiki, in aka haɗa su kai tsaye suna cinye kwantak cikin 'yan kwanaki. A nemi wanda aka yi don wannan tsarin.

Hajiya_MaiLambu:
Allah Ya ƙara basira. Zan nuna wa mai gyaran wannan bayanin. Baƙin mai fa? Wani ya ce in koma mai ruwa-ruwa irin na sababbin motoci.

InjiBiyu:
SAE 30 a lokacin zafi, shi littafin injin ya ce. K301 ba shi da famfon mai, ba shi da filta, wani ɗan cokali ne a ƙasan kwanrod ke watsa man. Shi ya sa ake canza shi duk awa 25 na aiki, kuma a duba sandar awo kullum kafin a tayar. Ya ɗan ragu, cokalin ya daina kaiwa, injin ya buga.

Karfe_da_Wuta:
Ni 15W-40 nake zubawa a duk tsofaffin injinana shekara da shekaru, ban ga illa ba.

InjiBiyu:
Ban ce haram ba ne. Mutane da yawa na yi. Abin da na fi damuwa da shi a canza a kan lokaci, kuma kada ya gaza.

MaiWalda225:
Na dawo da rahoto. Na bar shi ya yi aiki har ya mutu, nan take na gwada wuta: tana nan shuɗiya, gefe biyun. Koyil ya fita ke nan. Sai na yi gwajin InjiBiyu da ruwa kamar yadda Hajiya ta ce. Ina fesawa a gefen hagu na manifol sai ƙarar ta nutse, na ɗaga hannu ta dawo. Na maimaita sau uku, haka. Na ciro shi, na haska tocila ta ciki a ɗaki mai duhu, sai ga haske na fita ta maɗaurin, tsawon kamar gaɓar yatsa biyu. Na raba shi, na kankare tsohon abin mannewar, na sa wanda fetur ba ya ci, na bar shi ya kwana, na ɗaura da sababbin gaskit. Alhamdu lillahi hawa da saukan nan ya tafi gaba ɗaya, ba ya neman cok kuma. Sai dai ban gama ba. Yanzu yakan yi kusan minti arba'in, sannan ƙarfin ya fara raguwa a hankali. Ba ya mutuwa kamar da, amma sanda mai kaurin milimita 3.2 da yake narkarwa da safe sai ta fara yi masa nauyi.

InjiBiyu:
Madalla. Ciwo biyu ne ashe, ɗaya ya ɓoye ɗaya.

Fila_Geji:
Malam, lokacin da manifol ke ƙasa ka auna bawul? Murafun bawul ɗin a ƙarƙashinsa suke, ba a kai musu sai an cire shi.

MaiWalda225:
Wallahi ban auna ba, Oga. Hankalina duk yana kan kafar da na gano.

Fila_Geji:
To sai ka sake cirewa, ka tanadi wasu gaskit. A P216, injin na sanyi, tazarar bawul na shiga inci 0.005, ta na fita inci 0.013, wato milimita 0.13 da 0.33. Da tsufa bawul kan nutse cikin mazauninsa, tazarar ta ragu. Da sanyi yana rufewa, da zafi ƙarfen ya miƙe, tazarar ta ƙare, bawul ya daina zama daram, matsi ya riƙa zurarewa. Alamar ke nan da kake bayarwa. In ka samu tazara ɗaya ta bambanta da sauran sosai, kada ka saita ka rufe kawai. Ka buɗe kan silindar ka taɓa zoben mazaunin ka ga ko yana motsi. Kana can ka kankare gawayin da ya taru a kan fiston, don irin wannan injin mai bawul a gefe yana tara shi.

Gwamna_Sifirin:
Ni kuma ina zargin gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin. A cikin waɗannan injinan akwai wani faifan roba a jikin giyar kamshaf mai riƙe ƙwallayen gwamna. In ya tsufa, da zafi sai ya riƙa sulɓewa a kan giyar.

TsohonBakanike:
Faifan na sulɓewa, haka ne, amma ka bi lissafin. In ya sulɓe ƙwallayen ba sa juyawa da saurin injin, gwamna ya zaci injin ya rage gudu, ya buɗe totur. Sai ka ji injin ya haura, yana neman gudu fiye da kima. Mai walda raguwa yake gani, ba haurawa ba.

Mai walda, mitarka na auna Hz, wato yawan juyin wutar lantarki a daƙiƙa? Ka soka ta a soket ɗin injin. Janaretan nan na ƙirar Amurka ne, Hz 60 a juyi 3600 cikin minti. Duk abin da mita ta nuna ka ninka sau 60, saurin injin ke nan. Ba kaya a kansa za ka ga 61 ko 62 da ɗoriya. Ka rubuta adadin da safe kana walda, ka sake rubutawa lokacin da ƙarfin ya ragu, wani ya riƙa duba maka. In Hz ta faɗi kuma totur a buɗe yake har ƙarshe, injin ne ya gaza. In Hz na nan daram amma wutar walda ta yi sanyi, ka bar injin ya huta, matsalar na ɓangaren janareta.

Gwamna_Sifirin:
Na karɓi gyara, Baba. Na tuna wanda na gani ma gudu yake yi, ba sanyi ba.

Lantarki_Zalla:
Na ji daɗi da aka zo nan, don tun farko kowa injin yake kallo. A duba burushin gawayi da zobban tagullar da suke gogawa. Burushi in ya gajarce, ko ya maƙale a gidansa saboda ƙura, sifirin ba ya danna shi sosai. Zobban kuma kan yi baƙi. A goge su da takardar yashi mai laushi, ba mai ƙarfe-ƙarfe ba, injin a kashe. Sannan a bi duk mahaɗar manyan wayoyi, har da makamar ƙasa. Mahaɗa mai sako-sako tana zafi, in ta yi zafi tana cin wuta. Bayan aiki ka kashe injin ka bi su da bayan hannu a hankali, wadda ta fi sauran zafi ita ce.

Sifana_13:
Kada a manta da famfon fetur. Na wannan injin da bugun iskar cikin injin yake aiki ta wani ɗan tiyo. Tiyon in ya tsattsage, ko fatar famfon ta taurare, yana ba da mai daidai silo amma ya kasa idan an ɗora kaya. Fetur mai haɗin etanol na saurin cinye tsofaffin roba. Ka shinshina sandar awon baƙin mai. In kana jin warin fetur ko man ya ƙaru da kansa, fatar ta huje.

Karfe_da_Wuta:
Kun ga abin da nake faɗa? Manifol, bawul, famfo, burushi. Mutum na da iyali da zai ciyar.

Hajiya_MaiLambu:
Malam, ai duk abin da aka lissafa babu wanda ya kai sauke inji. Ni tawa an goge kwantak an saita, an sa kwandensa, yau bugu biyu ta tashi, ɓarin wutar ya tafi. Da na bi maganar farko da yanzu injin na warwatse a kan tebur.

MaiWalda225:
Baba, na yi awon. Da safe ba kaya 62, ina walda tana sauka 59 zuwa 60. Bayan minti arba'in ina walda ta koma 54, yaron da ke duba min ya ce hannun totur ya tafi har ƙarshe. Baƙin mai ba warin fetur. Na taɓa kan silinda biyun da ɗan tsumma mai ruwa bayan na kashe, na gefen filta ya fi saurin busar da shi nesa ba kusa ba. Kuma robar da Oga Fila_Geji ya ambata babu ita, ban ma taɓa sanin ana sa wani abu a wurin ba.

Lantarki_Zalla:
To ba wajena ba ne, injin ne. Amma ka duba burushin duk da haka tunda kana ciki.

Fila_Geji:
Gefen filta, ba roba, ya fi zafi. Kada ka sake ɗora masa kaya sai ka buɗe. Cire gwangwanin wannan gefen tukuna ka ga abin da ke tsakanin haƙarƙarin, sannan bawul.

Sifana_13:
Ni har yanzu ban sallami famfo ba. Rashin wari ba ya nufin yana ba da mai isasshe. Ka ɗora ɗan galan sama da kafireta, mai ya sauko da kansa, a fili nesa da salansa, ka ga ko zai wuce minti arba'in ɗin.

Fila_Geji:
Gwajin na da kyau, amma a yi shi bayan an duba bawul. In zoben ya fara rawa, kowane minti arba'in na zafi ƙara buɗe ramin yake.

DanKoyo:
Oga, in aka samu zoben na motsi, shi ke nan injin ya tafi?

TsohonBakanike:
Ba lallai ba. In an kama shi da wuri, masu aikin injin gyaran ƙarfe na faɗaɗa ramin su dasa zobe mai ɗan girma. In an bari ya daɗe yana dukan ramin har ya ci jikin silindar, nan ne magana ke tsawo. Mai walda, in ka buɗe ka ɗauko mana hoton bawul biyun na gefen filta, da launin fulogin kowane gefe, ka kuma rubuta tazara huɗun kamar yadda ka same su kafin ka taɓa komai.

MaiWalda225:
In sha Allahu, Baba. Gaskit ɗin kan silinda nake jira su iso, ba na so in buɗe ba su a hannu. Gwangwanin dai na cire yanzu, tsakanin haƙarƙarin ƙasa a cushe yake da laka mai maiƙo, sai da na sa waya nake zaƙulowa.